Daga Dandamalin Jos Zuwa Kasuwar Duniya: Wa Ke Biyan 'Yar Wasan Kwaikwayo?

JOS — A cikin shekarar 2007, lokacin da aka fitar da wani fim na Amurka mai suna The Brave One, wanda shahararriyar 'yar wasan nan Jodie Foster ta ja ragamarsa, 'yan Nijeriya da suka manyanta sun ga wata fuska da suka daɗe da sani. Matar da ta fito da sunan Josai, maƙwabciyar tauraruwar fim ɗin, ita ce Ene Oloja, wadda a farkon shekarun 1980 kusan kowane gida mai akwatin talabijin a ƙasar nan ya san ta da sunan Zemaye, matar Bello, a cikin shirin Cock Crow at Dawn da aka shirya a Jos.

Ga mai kallo, wannan labari ne na nasara. Ga ɗan kasuwa kuwa, akwai abin dubawa a cikinsa. Shekaru da dama ana haƙo kuza a tsaunukan Filato, a ɗora a jirgin ƙasa, a kai Ingila a narke, ribar sarrafawa ta tsaya can. Kusan haka lamarin yake ga masu wasan kwaikwayo, musamman mata: Jos ce ke rainonsu, ta fito da su, amma Legas da Kano da ƙasashen waje ne ke cin moriyar ƙwarewarsu. Dalilin haka ba ƙarancin basira ba ne. Dalili shi ne, tun daga zamanin Turawa har zuwa yau, da wuya kuɗin ƙofa su isa su riƙe 'yar wasa a wannan gari. A kowane zamani akwai wani da ke ɗauke da nauyin, ko gwamnati, ko banki, ko wata gidauniya ta waje, kuma duk ranar da ya janye hannunsa, sai 'yar wasa ta ɗaure kayanta.

Yadda Jos ta zama cibiyar wasanni

Kuza ce ta fara tara wa Jos 'yan kallo. Aikin ma'adinai da zuwan jirgin ƙasa sun jawo Hausawa da Yarbawa da Ibo da sauran ƙabilu, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere, aka sami gari mai ma'aikata da ke karɓar albashi, masu ɗan abin kashewa da maraice. Irin wannan gari shi ne kasuwar da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo masu yawo ke nema. Marigayi Hubert Ogunde, wanda ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta farko da ta mai da wasa sana'a a Nijeriya a 1945, ya kawo wasansa mai suna Strike and Hunger zuwa Jos a 1946, inda hukumomin mulkin mallaka suka hana shi saboda yadda ya taɓo batun yajin aikin ma'aikata. Gidajen silima irin su Rex da Kwararafa su ma sun koya wa mutanen gari al'adar sayen tikiti don kallo.

Bayan samun mulkin kai sai gwamnati ta ɗora a kan wannan harsashi. Gidan talabijin na Jihar Binuwai-Filato, wanda aka buɗe a tsakiyar shekarun 1970, shi ne ya fara watsa shirye-shirye masu launi a Nijeriya, kafin a haɗe shi cikin Hukumar Talabijin ta Ƙasa, watau NTA, a 1977. Jami'ar Jos, wadda ta fara a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971 ta kuma tsaya da ƙafafunta a 1975, ta buɗe sashen koyar da wasan kwaikwayo mai dandamalinsa na sararin Allah. An kafa Hukumar Shirya Finafinai ta Nijeriya a 1979, kuma hedkwatarta tana Jos. An buɗe Kwalejin Talabijin ta NTA a garin a 1980, sa'an nan aka ƙara da Cibiyar Koyar da Shirin Fim ta Ƙasa a 1995. In aka haɗa wannan da sanyin yanayi da kyawun duwatsu, za a gane dalilin da ya sa babu wani gari a Arewa da ya tara makarantun wannan fanni kamar Jos.

Abin lura shi ne, dukan waɗannan cibiyoyi na horarwa ne da shiryawa. Watau gwamnati ta zuba jari a ɓangaren samar da ma'aikata, amma ɓangaren kasuwar da za ta ɗauke su aiki aka bar shi ya ji da kansa.

Mace a kan dandamali

Wasan mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Akwai wasan gauta, wanda matan fada kan yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa, akwai wasannin 'yan mata a dandali, akwai kuma tashe a watan azumi. Sai dai duk waɗannan nishaɗi ne na lokaci zuwa lokaci, ba sana'ar da mace za ta dogara da ita ba. Da wasan kwaikwayo na zamani ya shigo, mai tikiti da tafiye-tafiye da aikin dare, sai samun mata ya zama babbar matsala a Kudu da Arewa baki ɗaya, domin iyaye ba sa son 'ya'yansu su shiga, wadda ta shiga kuwa da zarar ta yi aure sai ta bari.

Ogunde ya warware wannan matsala ta hanyar da masana tarihin wasan kwaikwayo suka daɗe suna magana a kanta: ya auri da yawa daga cikin 'yan wasansa mata, ƙungiyar ta koma kamfanin iyali. Ta fuskar lissafi, dabarar ta yi aiki, domin ta rage yawan masu barin aiki, ta kuma rage kuɗin albashi. Amma ta nuna wani abu da ya daɗe yana bin wannan sana'a, shi ne cewa aikin mace a kan dandamali an fi biyansa da ci da sha da sutura da suna, ba da lada tsayayye ba.

Zuwan jami'o'i da gidajen talabijin ne ya sauya wannan hoto. Yarinyar da ta karanta wasan kwaikwayo a Jos ko Zariya ko Ibadan tana fitowa da takardar digiri, ta san sarrafa murya da jiki, ta san haddace dogon rubutu, ta saba tsayawa a gaban jama'a inda ba a cewa a sake ɗauka. Wannan ƙwarewa ta dandamali ita ce jarin da gidajen talabijin suka samu a ɓagas a shekarun 1980.

Zamanin da banki ya ɗauki nauyi

Shirin Cock Crow at Dawn ya fara fita a 1980, daidai lokacin da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙaddamar da shirinta na bunƙasa aikin gona da aka sani da Green Revolution. Peter Igho da Matt Dadzie ne suka jagoranci aikin, Bongos Ikwue ya yi waƙar buɗe shirin, bankin UBA kuma ya ɗauki nauyinsa. Labarin wani magidanci ne, Bello, wanda George Menta ya fito a matsayinsa, da ya bar birni ya koma ƙauye da iyalinsa don ya kama noma na zamani. Ene Oloja ce matarsa Zemaye, marigayi Sadiq Daba ya fito a Bitrus, marigayi Kasimu Yero kuma ya fito a Gaga. An shirya kashi 104.

Ya kamata ɗan kasuwa ya tambaya, me banki ke nema a wasan kwaikwayo? Amsar tana cikin manufofin kuɗi na wancan lokaci. A 1977 Babban Bankin Nijeriya ya fito da shirin da ya wajabta wa bankunan kasuwanci buɗe rassa a karkara, a shekarar kuma aka kafa asusun lamunin bashin noma. Bankuna suna bukatar manoma da ƙananan ma'aikata su saba da ajiya da karɓar rance. A lokacin da babu gidan talabijin mai zaman kansa ko ɗaya, shirin da NTA ta haɗa tashoshinta ta watsa a duk faɗin ƙasa shi ne allon talla mafi girma da kuɗi za su iya saya. Saboda haka abin da bankin ya yi ba sadaka ba ce, ciniki ne: ya sayi hankalin jama'a mako-mako, ya kuma ɗaura sunansa a jikin iyalin da kowa ke ƙauna.

A ƙarshen shekarun 1980 Jos ta sake fitar da wani shiri da ya karɓu, Behind the Clouds, inda Ene Oloja ta fito tare da Franca Brown da Zack Amata da sauransu. A ɓangaren Hausa kuwa, shirin Karkuzu na marigayi Abdullahi Shu'aibu ya sa sunan Jos a bakin masu kallo a duk Arewa. A wannan zamani 'yar wasa a Jos tana iya haɗa abubuwa uku: aikin gwamnati ko koyarwa da safe, gwajin wasan dandamali da yamma, sa'an nan ɗaukar shirin talabijin a ƙarshen mako. Babu ɗaya daga ciki da ya isa shi kaɗai, amma in aka haɗa su sai rayuwa ta yiwu.

Da kiɗa ya canza

Wannan tsari bai daɗe ba. Kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, abin da ya ƙara durƙusar da sana'ar da aka gina Jos a kanta. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka karya darajar Naira. Dalar da ba ta kai Naira ɗaya ba a farashin gwamnati a 1985, ta kai kusan Naira 22 a 1993. Duk kayan aikin wannan sana'a, daga fitilu da na'urorin ɗaukar hoto zuwa kaset da hodar kwalliya, daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Dokar sayar da kamfanonin gwamnati ta 1988 ta sa NTA cikin jerin hukumomin da aka umarta su nemi wani ɓangare na kuɗin gudanar da kansu, sai ya zamana sayar da lokacin watsa shiri ya fi shirya wasa mai tsada riba. Ma'aikacin da albashinsa ya zaizaye kuwa, tikitin kallon wasa na cikin abubuwan farko da ya soke.

A daidai wannan lokaci ne kasuwar bidiyo ta buɗe. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, aka fitar da Living in Bondage a Legas a 1992. Hukumar Shirya Finafinai ta yi nata yunƙurin da Kulɓa Na Ɓarna, amma kasuwar kaset ta tsaya ne inda manyan dillalai suke, watau Kano da Legas da Onica. Jari yana can, masu rarraba kaya suna can, don haka 'yan wasa ma suka bi. Franca Brown ta shiga harkar finafinan Kudu, ta zama mai shiryawa. Ene Oloja ta koma Amurka da zama. A zamanin baya-bayan nan ma haka abin yake: Nafisat Abdullahi haifaffiyar Jos ce, Ali Nuhu kuma a Jami'ar Jos ya yi karatu, amma sunan masana'antar da suka yi fice a cikinta daga Kano aka samo shi.

Dalilin da ya sa dandamali ba ya biyan kansa

Masana tattalin arziki sun daɗe da gano cewa wannan matsala ba ta Jos kaɗai ba ce. A 1966 wasu masana biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, sun nazarci gidajen wasan kwaikwayo da na kaɗe-kaɗe, suka fito da bayanin da har yau ake koyarwa a jami'o'i. Masana'anta tana iya sayen sabon inji, ma'aikaci ɗaya ya yi aikin mutum goma. Manomi yana iya samun taki da ingantaccen iri, gonarsa ta ninka amfani. Amma wasan da ke bukatar mutum goma su yi shi cikin awa biyu, bayan shekara hamsin ma mutum goma zai bukata da awa biyu. Kuɗin haya da abinci da sufuri suna hawa kamar na kowa, amma abin da ɗan wasa ke samarwa a dare ɗaya bai ƙaru ba. Fim ya tsira daga wannan tarko domin sau ɗaya ake yinsa a yi ta sayarwa. Wasan dandamali kuwa kullum sai an sake yinsa da jiki.

Wani ɗan lissafi na misali zai fayyace batun. A ɗauka an kama zaure mai kujeru 300, aka sa tikiti Naira 3,000, aka yi wasa dare uku, kowane dare mutum 200 suka shiga. Abin da aka tara shi ne Naira miliyan ɗaya da dubu 800. A ɗauka kuma mutum 15 ne suka yi aikin, suka yi gwaji na kwana 36, ana ba kowa Naira 2,000 a rana na mota da abinci. Wannan kaɗai ya cinye Naira miliyan ɗaya da dubu 80. In kuɗin zaure da man janareta da sutura da fitilu da talla suka ci Naira dubu 500, abin da ya rage shi ne Naira dubu 220. In aka raba wa mutum 15, kowa bai kai Naira dubu 15 ba, ladan aikin fiye da mako biyar, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 Naira dubu 70 ne a wata. Ko an sauya alƙaluman, sakamakon ba ya nisa da haka, muddin wasan zai tsaya a dare uku. Riba tana zuwa ne idan an maimaita wasa sau da yawa a kan kuɗin gwaji guda, wannan kuwa sai da zaure na dindindin da 'yan kallo masu dawowa.

Kasuwar dare da zaman lafiya

Wasan dandamali hajar maraice ce, kuma babu abin da ke kashe kasuwar maraice kamar tsoro. Rikicin watan Satumba na 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, sun jawo dokar hana fita, suka kuma raba unguwannin Jos ta yadda mutane da yawa suka daina tsallakawa wasu sassan gari bayan faɗuwar rana. Gobarar babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairu na 2002 ta raunana 'yan kasuwar da a da su ne masu sayen talla da taimaka wa bukukuwa. Ga mace abin ya fi tsanani, domin ita ce iyali suka fi hanawa fita gwajin dare, ita ce kuma ta fi biyan kuɗin mota mai tsada don ta koma gida lafiya.

Duk da haka wasan bai mutu ba. Ƙungiyar Jos Repertory Theatre, wadda Patrick-Jude Oteh ya kafa a 1997, ta fara shirya bikin wasan kwaikwayo na Jos a 2004, inda aka riƙa nuna wasannin marubutan Nijeriya da na ƙasashen waje, sau da yawa a harabar Alliance Française. Bikin ya ba 'yan wasa mata da yawa damar hawa dandamali da koyon ba da umarni da kula da fitilu da sutura. A Jami'ar Jos kuma, Farfesa Irene Salami-Agunloye ta rubuta wasanni irin su Emotan da More Than Dancing, waɗanda suka ɗora mata a tsakiyar labari. Sai dai in aka duba inda kuɗin irin waɗannan ayyuka suka fito, za a ga sunayen Gidauniyar Ford da ofishin jakadancin Amurka da makamantansu. Kujerar da bankin cikin gida ya zauna a kai a 1980, masu ba da tallafi na waje ne suka gaje ta. Tallafi kuwa yana da wa'adi, kuma manufofin mai bayarwa suna iya sauyawa ba tare da an shawarci mai karɓa ba.

Kura da shan bugu

Akwai wasu asarori da suka keɓanta ga 'yar wasa. Na farko, lokacin cin kasuwarta gajere ne, domin yawancin labarai 'yan mata suke nema, in shekaru suka ja sai a koma ba ta matsayin uwa na fitowa biyu ko uku. Na biyu, aure da haihuwa kan yanke mata aiki, kuma babu hutun haihuwa ga wadda ba ta da takardar ɗaukar aiki. Na uku, yawancin cinikin da baki ake yinsa, ana biya sau ɗaya, ko da za a yi shekaru ana maimaita shirin.

A watan Fabrairu na 2022 dattijuwar 'yar wasan nan ta Kano, Ladin Cima, ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa abin da akan ba ta a fim sau da yawa bai wuce 'yan dubban Naira ba. Wasu masu shirya finafinai sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Ko wane ɓangare mutum ya gaskata, gardamar ta tona asirin cewa babu tsayayyen farashi, babu kuma rubutacciyar shaidar da za a koma gare ta. Maza ma ba su tsira ba. Sadiq Daba, wanda ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa na Afirka a 2015 saboda fim ɗin October 1, sai da aka nemi gudummawar jama'a don jinyarsa kafin rasuwarsa a watan Maris na 2021. Karkuzu ya rasa ganinsa a ƙarshen rayuwarsa, har ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa, wanda shi ma ɗan Jos ne, ya saya masa gida.

A ƙasar da Ene Oloja ta koma, an daɗe da ɗaukar mataki a kan wannan. Yajin aikin da ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka ta yi a 1960 shi ne ya samar musu da asusun fansho da na kiwon lafiya, da kuma haƙƙin karɓar wani kaso idan aka nuna fim a talabijin. A Nijeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanadi haƙƙoƙin masu wasa, kuma tun 2019 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta buɗe tsarin ajiyar fansho ga masu sana'ar kashin kansu. Doka tana nan, abin da ya rage shi ne ƙungiyoyin 'yan wasa su mai da ita al'adar ciniki.

Abin da Legas ta gwada

Da aka sake lissafin arzikin ƙasa a 2014, an gano cewa finafinai da kaɗe-kaɗe suna samar da kimanin kashi 1.4 cikin ɗari na abin da Nijeriya ke samarwa. Tun daga nan hankalin hukumomi ya karkato. Gwamnatin Tarayya ta ware Naira biliyan uku don tallafa wa masana'antar fim a 2013, Babban Banki ya fito da shirin rance ga masu sana'o'in fasaha a 2019, an kuma kafa ma'aikata ta musamman mai kula da al'adu da tattalin arzikin fasaha a 2023. Kwamitin shugabannin bankuna ya ɗauki nauyin gyaran babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Iganmu. Amma mafi yawan waɗannan kuɗaɗe fim da waƙa suka nufa, kuma Legas suka fi sauka.

Darasin da ya fi amfani ga Jos ya fito ne daga 'yan kasuwa. Bolanle Austen-Peters, lauya ce da ta kafa cibiyar Terra Kulture a Legas, ta haɗa gidan abinci da wurin baje kolin zane-zane da zauren wasa a wuri guda. Wasanta mai suna Saro, wanda aka fara nunawa a 2013, ya tabbatar da cewa 'yan Nijeriya za su sayi tikiti mai tsada in aka tsara wasan da kyau, aka sa shi a lokutan bukukuwa, aka kuma sami kamfanoni suka ɗauki wani kaso na kuɗin shiryawa. Sirrin shi ne, ba tikiti kaɗai ke riƙe da ginin ba. Abinci da hayar zaure da talla duk suna taimakawa.

Inda ɗan kasuwa zai shigo

Jos ba ta da yawan masu kuɗin Legas, amma tana da abin da Legas ba ta da shi: arahar haya, ɗalibai masu horo da ke fitowa kowace shekara, da baƙi daga Abuja da Bauci da Kaduna masu zuwa shan iska a ƙarshen mako. Akwai hanyoyi huɗu da jari zai iya shiga.

Ta farko ita ce zaure. Mai otal ko mai gidan biki da zaurensa ke zaman banza daga Litinin zuwa Alhamis zai iya ba wata ƙungiya shi a kan rabon kuɗin ƙofa, shi kuma ya ci ribar abinci da abin sha da ɗakunan kwana. Ta biyu ita ce ɗaukar nauyi na tsawon lokaci. Kamfanin da ke sayar da kayan abinci ko taki ko katin waya zai fi amfana da yarjejeniyar shekara biyu ko uku da ƙungiya ɗaya, a kai wasa makarantu da kasuwannin ƙauye da Hausa da Turanci, fiye da gudummawar rana ɗaya da ake mantawa. Ta uku ita ce ɗaukar wasan dandamali da na'ura mai kyau a sayar wa gidajen talabijin da tashoshin intanet, domin ta haka ne kaɗai aikin dare ɗaya zai ci gaba da kawo kuɗi. Ta huɗu, wadda ita ce ginshiƙin sauran, ita ce rubutacciyar yarjejeniya da za ta fayyace ladan gwaji, da ladan kowane dare, da kason 'yar wasa in an sake nuna aikin. Mai zuba jari ma ita ce kariyarsa, domin babu bankin da zai ba da rance a kan alkawarin baki.

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gwamnati ta riga ta kashe kuɗi masu yawa wajen horar da 'yan wasa a Jos tun shekarun 1970, kuma bankin da ya ɗauki nauyin Cock Crow at Dawn ya nuna cewa wasa mai kyau yana iya sayar da haja har a riƙa tuna shi bayan shekara arba'in. Kowace shekara akwai 'yan matan da ke kammala karatun wasan kwaikwayo a wannan gari, su tsaya suna auna ko su zauna ko su nufi tashar motar Legas ko ta Kano. Abin da zai tsayar da su ba kirari ba ne, aiki ne mai lada sananne, wanda za a biya a ƙarshen kowane wata.